Wata uku da faifan Misplaced Childhood na Marillion: abun da kunnena ya ji

Wata uku kenan ina sauraren albam ɗin nan kusan kullum, kuma sai yanzu na ji zan iya cewa wani abu a kai, don gaskiya satin farko ban gane kansa ba ko kaɗan. Yayana ne ya turo min sunan, shi ya yi karatu a Sikotland kuma can ya ɗauko son irin wannan kiɗan, ya ce in nemi minti 41 da ba wanda zai kira ni, in sa iyafis, in saurara daga farko har ƙarshe kar in tsallake komai. Ni kuma ban bi maganarsa ba, na buɗe wata manhajar waƙoƙi ta kyauta a waya, ita kuma tana cakuɗa waƙoƙin yanda ta ga dama tana kuma sako talla a tsakani, sai na riƙa jin waƙa ta fara kamar an yanke mata kai ta ƙare kamar an ɗauke wuta. Haushi ya kama ni har na ce masa wannan abu naka ba shi da kai ba shi da gindi. Ashe manhajar ce ta ɓata min. Da na samu cikakken albam ɗin a jere ba talla, abun ya zama daban gaba ɗaya.

Marillion ƙungiyar mawaƙa ce ta Ingila, a garin Aylesbury suka haɗu a 1979, lokacin da kowa ke ganin zamanin dogayen waƙoƙin rok irin na su ƙungiyar Genesis ya wuce. Su da ƙungiyoyi irin su IQ da Pendragon ne suka farfaɗo da salon a farkon shekarun 1980, shi ya sa ake ce masa neo-prog, wato sabon zubi na wancan tsohon salon mai dogon kiɗa da yawan sauye-sauye. Mawaƙinsu na lokacin ɗan Sikotland ne, sunansa Derek Dick amma da Fish kowa ya san shi. Misplaced Childhood shi ne albam ɗinsu na uku, ya fito a watan Yuni 1985, sun naɗe shi a sitidiyon Hansa da ke Berlin ta Yamma dab da katangar nan da ta raba garin biyu, furodusa Chris Kimsey. Sai da ya hau na ɗaya a jerin albam na Birtaniya.

Abun da ya sa dole a ji shi a jere shi ne duk labari ɗaya ne. A faifan garmaho na asali kowane gefe kiɗa ne guda da ba ya yankewa, waƙa biyar a gefen farko biyar a na biyu, kowace tana zubawa cikin ta gaba. Labarin mutum ne da soyayyarsa ta lalace saboda yawon kiɗa da ɗaukaka, ya shiga shaye-shaye, abokinsa ya mutu, ya rasa inda zai sa kansa, har ya koma neman yaron da yake ada kafin duniya ta murɗe shi. Ko hoton bangon ma da Mark Wilkinson ya zana, yaro ne ba takalmi sanye da jar rigar soja da tsuntsu a hannunsa.

To ga inda masu saurare suka rabu, kuma na ga rabuwar ko tsakanina da mutum uku da na ba su suka ji. Akwai masu cewa Kayleigh, waƙa ta biyu, ita ce albam ɗin, sauran duk ciko ne. Na gane dalilinsu, ita ce ta kai na biyu a Birtaniya, ita ake sawa a rediyo, har sunan ya bazu iyaye suna sa wa 'ya'yansu mata bayan fitowarta. Waƙa ce ta neman gafara, mutum yana tuna wa wadda ya ɓata wa rai ƙananan abubuwan da suka yi tare, kuma jitar Steve Rothery a tsakiyarta wallahi tana da daɗi, ba ya gaggawa, kowane sauti sai ya bar shi ya yi numfashi kafin ya taɓa na gaba. Amma duk wanda ya tsaya a nan ya ci miya ne ya bar tuwon. In ka ji ta ita kaɗai waƙar soyayya ce mai kyau kawai, in kuma ka ji ta bayan Pseudo Silk Kimono, wannan gajeren buɗewar mai duhu da madannan kibod na Mark Kelly ke tafiya a hankali kamar mutum zaune shi kaɗai a ɗaki cikin dare, sai ka gane cewa mai neman gafarar nan ya riga ya san ba za a dawo masa ba.

Sai ɓangare na biyu, tsofaffin masoyansu da ke ganin da wannan albam ɗin ne suka sayar da kansu don a sa su a rediyo. Da su ma ban yarda ba. Wanda ke neman rediyo ba zai sa Bitter Suite a gefen farko ba, kusan minti 8 mai kashi biyar, ta fara da gangunan Ian Mosley suna rugugi can ƙasa sannan Fish ya shigo yana magana ba rerawa ba, da harshensa na Sikotland mai kauri. Kuma a cikinta ne karin Lavender ke dawowa, waƙa ta uku a albam ɗin da aka gina kan tsohuwar waƙar yara ta Turawa, amma wannan karon ya dawo a gajiye, a bakin babban mutum a wani gari na Faransa. Ranar da na fara lura da wannan dawowar ina kwance ne sai da na tashi zaune, don a nan na fahimci me ake nufi da albam mai labari ɗaya, karin da ka ji da farin ciki minti kaɗan baya shi ne aka dawo maka da shi yana ciwo. Wani abun kuma, Lavender ta cikin albam gajera ce, ba ta kai minti 3 ba, wadda suka fitar daban ta kai na biyar ta fi ta tsawo.

Zargin da ya fi yawo shi ne wai kwaikwayon Genesis suke, musamman tsohon mawaƙinsu Peter Gabriel, saboda muryar Fish da fentin da yake shafawa a fuska a farkon tashinsu. A nan kam akwai ƙamshin gaskiya, na je na ji tsofaffin na Genesis kuma kamar tana nan a murya da madannai, ba zan musa ba. Sai dai su can tatsuniyoyi da almara suka fi yawa, shi kuwa Fish rayuwarsa ce ya baje a faranti, budurwarsa, garinsu, abokinsa, kwalbarsa. Waƙar Heart of Lothian da ta rufe gefen farko ma ai kirarin samarin yankin Edinburgh ne, inda ya taso, kuma in jitar ta tashi a farkonta za ka ji irin alfaharin nan na ɗan gari da ya tuna gida yana nesa.

Ni dai zuciyar albam ɗin a wurina tana gefe na biyu, a Blind Curve, minti 9 da ɗoriya. Kafin ita akwai gajeru biyu masu zafi, Waterhole da Lords of the Backstage, ta biyun bugunta bakwai-bakwai ne shi ya sa in kana kaɗa ƙafa sai ka ji kamar ana fizge maka taki ɗaya, kuma ya dace da mutumin da gajiyar yawo ta gama da shi. Daga nan sai komai ya faɗo ƙasa. Akwai wurin da yake makokin abokinsa, labarin mutuwar ya same shi yana wata ƙasa kuma duk da haka dole ya zauna a yi hira da shi kamar ba abun da ya faru. Na rasa aboki ina nesa da gida, waya kawai aka yi min kuma washegari na fita aiki, saboda haka wurin nan ba na iya jin sa ina wani abu, ko tuƙi nake sai na rage gudu. Jitar bas ɗin Pete Trewavas a nan ba ta neman a lura da ita amma ita ke riƙe da komai. Can wajen ƙarshe sai karin Heart of Lothian ya sake tasowa, a kan maganar yaƙi da yara da abun ya rutsa da su.

Akwai abubuwan da ba su yi min ba. Wani lokacin kalmomin Fish sun cika yawa, yana cusa hoto kan hoto har mai jin Turanci sosai ma sai ya buɗe rubutun yana bi, ni sai da na yi haka sau da yawa. Sautin madannai da ganga a wasu wurare na shekarun 1980 ne sak, wanda bai saba ba zai ji shi siriri. White Feather da ta rufe albam ɗin ta yi min gajarta, bayan duk wannan nauyin da Childhoods End? ta sauke da wayewar gari da samun sauƙi, sai a zo a yi minti 2 da 'yan kai ana kiran a ƙi yaƙi da tutoci sannan sauti ya dushe, ni na so a ce a Childhoods End? ɗin, waƙa ta tara, aka tsaya. Sannan duk wanda zai ji ya sani akwai maganar giya da ƙwaya da matan banza a ciki, shi kansa Fish ya faɗa cewa yana cikin mayen ƙwayar LSD tunanin albam ɗin ya zo masa. Ba tallar abun yake ba, halakar da ya jawo masa yake nunawa, amma ni ban sa shi a gaban yara.

Fish ya bar ƙungiyar a 1988, Steve Hogarth ya maye gurbinsa a 1989, kuma har yau masoyansu na gardamar wane zamani ya fi. Yayana ɗan ɓangaren Hogarth ne, ya nace sai na ji albam ɗinsu Brave na 1994, shi ma labari ɗaya ne, kan wata yarinya da aka tsinta a gadar Severn ba ta magana, ya fi minti 70. Na sauke shi tun makon jiya amma ban fara ba, ina jiran daren Juma'a da gida zai yi tsit in kashe data in ji shi a zama ɗaya.