Rami ko madambaci? Walimar Hawayi babu nama

'Yar'uwa, kin ce kina son ki tara mutum kamar 20 a tsakar gida ki yi musu walima irin ta mutanen tsibiran Hawayi da ke tekun Pasifik, wadda suke kira luwau, amma babu nama, babu kifi, babu madarar dabba, kuma ba kya son gari ya waye ki tarar da tulin roba da leda. Tambayarki ita ce: ki sa a haƙa rami kamar yadda suke yi a can, ko ki dafa a kan murhu? Ni dai murhu da madambaci na zaɓa miki, amma bari in ba kowanne haƙƙinsa.

Ramin, sunansa imu. Ana haƙa shi, a jibga itace, a ɗora duwatsu a kai, a bar wuta ta ci awa 2 zuwa 3 har duwatsun su yi jawur. Sai a shimfiɗa dakakken jikin ayaba don ya ba da tururi, a jera abinci, a lulluɓe da ganye da jiƙaƙƙen buhu, a rufe da ƙasa. Daga nan sai haƙuri, don abin kan kai awa 6 zuwa 8, wasu ma kwana suke barinsa. Ƙamshin hayaƙi da ganye da yake shiga abinci, gaskiya babu tukunyar da za ta ba ki shi daidai. Kuma lokacin tone ramin a gaban baƙi shi kansa biki ne.

Sai dai ki duba abin da aka gina ramin dominsa. Tarihi ya nuna a walimar da Sarkin Hawayi Kamehameha na uku ya yi a 1847 an yanka aladu 271, an kawo kwakwa 2,245 da tushen gwaza 4,000. Irin wannan taro, da irin wannan nama mai kauri, shi ke buƙatar zafin duwatsu na wuni guda. Ke kuwa gwaza da dankali da kabewa za ki dafa wa mutum 20. Ki ƙone kurar itace a kan wannan, sannan ki ce kina tattalin muhalli? Ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ga kuma batun duwatsun: nasu na aman wuta ne, masu ƙananan huji, suna riƙe zafi ba sa fashewa. Dutsen rafi mai ruwa a cikinsa yana iya tarwatsewa a wuta, ga yara suna zagaye.

Madambaci kuwa kin riga kin san hannunsa. Babban abincin da zai riƙe miki walimar shi ne laulau, kuma idan kin iya ƙulla alala a ganye kin gama rabin aikin. Su suna naɗe nama da kifi a ganyen gwaza, su sake naɗewa da ganyen wani tsiro da suke kira ti. Ke sai ki yanka dankalin Hausa da gwaza da naman kaza (tsiron nan, lemar kwaɗi irin wadda ake ci, ba tsokar kaza ba) ko soyayyar awara, ki zuba gishiri da ɗan madarar kwakwa, ki naɗe da ganyen gwaza mai yawa, ki rufe da ganyen ayaba da aka ɗan haska a wuta don kada ya yage. Ki turara awa 2 zuwa 3. Kada ki yi gaggawa a nan. Ƙaiƙayin nan da muka sani a gwaza yana cikin ganyen ma, kuma sai ya dahu luguf yake barin maƙogwaro lafiya. Sunan luwau ɗin ma asalinsa sunan ɗanyen ganyen gwaza ne, daga baya ya zama sunan walimar baki ɗaya, don haka wannan ƙullin shi ne zuciyar abin, ba naman ba.

Ƙamshin hayaƙin da za ki rasa, ki ɗan ramo shi: ki gasa naman kazar da awarar a kan garwashi kaɗan kafin ki ƙulla. Ba zai kai na rami ba, amma zai yi kusa.

Sauran abincin duk ba ruwansu da rami. Poi dafaffiyar gwaza ce da ake kirɓawa da ruwa har ta yi sulɓi, turminki ya isa. Wasu na barinta kwana ɗaya ko biyu ta yi ɗan tsami, amma ga baƙon da bai saba ba ki kawo ta sabuwa. Haupiya madarar kwakwa ce da sukari da sitacin masara, a dama a wuta ta yi kauri, a zuba a faranti ta daskare, a yanka gida-gida. Tumatir da albasa ki murje su da hannu da gishiri. Abarba ki sa in kina so, ko da yake ita ma baƙuwa ce a tsibiran, daga Kudancin Amurka take.

A batun shara, rami da madambaci duk ɗaya ne, abin da kika zuba abincin a ciki shi ne magana. Mutanen Hawayi na dā a kan tabarma suke zama, su shimfiɗa ganye, su ci poi da yatsa daga ƙwarya. To me ya rage miki? Tabarma kina da ita, ƙwarya da akushi suna kasuwa, ganyen ayaba ya zama faranti, in an gama a zuba shi a ramin taki. Sarƙar furen da ake rataya wa baƙo, lei, ki sa yara su zarga ta da zare daga furen da ke unguwa. Ta roba da ake sayarwa a leda kwana ɗaya take yi ta koma bola.

Wuri ɗaya ne zan canza magana: idan baƙin sun haura 100, kina da fili, kuma akwai wanda ya san dutsen da ba ya fashewa, to a haƙa ramin, don a nan itacen zai biya kuɗinsa. Na mutum 20 kuwa, ki aro madambaci na biyu a maƙwabta, ki ɗora tun da hantsi.