Kurajen Balaga: Abin da Za Ki Saya a Saidaliyya (Kantin Magani) da Abin da Za Ki Guje wa

'Yata ta biyu tana da shekara 14 kuraje suka feso mata a goshi da haɓa, daidai inda tarha, wato mayafin kai, ke gogar fata. Ga zafin Jidda, ga gumi, ga hannu da ba ya barin fuska. Mun kusa shekara muna saye-saye, har muka yi asarar da zan faɗa a ƙasa, kafin wata likitar fata ta ɗora mu a hanya. Iyaye mata da ke nan Saudiyya, wannan naku ne.

Ba zan ɓoye ba, nawa gwanin adapalene ne, wanda aka fi sani da Differin, mai ƙarfin 0.1%. Kurajen balaga ba daga datti suke zuwa ba. Maiƙo ne da matacciyar fata ke toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, wajen ya kumbura. Differin wannan toshewar yake hanawa, shi ya sa ba a ɗiga shi a kan ƙurji ɗaya-ɗaya. Da dare, bayan an wanke fuska ta bushe sarai, a matso kamar ƙwayar wake ɗaya a shafe fuskar duka, ban da gefen ido da leɓe. A fara da dare ɗaya a tsallake ɗaya. Sati biyu zuwa huɗu na farko fatar za ta bushe, ta yi saɓa, ta riƙa raɗaɗi, wani lokaci kurajen ma su ƙaru. A nan yawancin yara ke jefar da shi. Tawa ma har da kuka: "Umma, wallahi ƙara ɓata ni yake yi." Na ce ta yi haƙuri, muka haɗa da man laushin fata marar turare da man kariyar rana da safe. Sai an yi sati 8 zuwa 12 ake ganin aikinsa, amma idan ya kama, ya kama. A Amurka tun 2016 ake sayar da shi ba sai da takardar likita ba ga mai shekara 12 zuwa sama. Mai ciki dai ta bar shi.

Abokin tafiyarsa benzoyl peroxide ne, irin su Benzac, mai kashe ƙwayoyin cutar da ke sa ƙurji ya yi ja ya tara ruwa. Ki ɗauki 2.5% ko 5%. Mai 10% ƙuna kawai yake ƙarawa. Aibinsa cin launin tufa, baƙar abaya guda ya mayar mana da wuyanta ruwan ƙasa, don haka farin tawul da farar rigar filo. Epiduo kuwa su biyun ne a haɗe, ya fi tsada, ya fi zafi a farko.

Sabulan wanke fuska masu salicylic acid ba laifi, amma su kaɗai ba su kai kuɗinsu ba. Dalacin T na shafawa, maganin kashe ƙwayoyin cuta (antibayotik), kada a yi shi shi kaɗai, ƙwayoyin cuta na sabawa da shi. Skinoren ya fi amfani ga baƙin tabon da kuraje ke bar wa masu irin fatarmu. Ƙwayar doxycycline, ita ma antibayotik, ta likita ce, kuma tun 2018 aka tsaurara dokar hana sayar da irinta babu takarda. Ana sha da ruwa cike da kofi, ba a kwanciya nan take don tana ƙona maƙogwaro, kuma ba a wuce wata uku zuwa huɗu. Roaccutane na masu manyan kuraje ne masu barin rami. Yana aiki sosai, amma yana tsattsage leɓe, sai ana gwajin jini don hanta da kitse, ana lura da yanayin ran yaro, kuma yana nakasa jariri a ciki. Yarinyar da aka sa wa rana, a faɗa wa likita tun kafin ya rubuta. Ba a haɗa shi da doxycycline, ba a kuma karɓar ragowar na maƙwabta.

Yanzu ga inda na ƙone. Wata mata a wani zauren WhatsApp na 'yan unguwa ta sayar mini da "khalɗa", wato haɗin man shafawa, a ƙaramar roba marar suna, ta rantse madarar raƙumi ce da zuma da habbatus sauda. Cikin kwana biyar fuskar yarinya ta yi sumul, ta yi haske, har ina yi wa matar addu'a. Bayan wata biyu ƙananan kuraje iri ɗaya suka rufe kumatu, fatar ta yi siriri har jijiyoyi na nunawa, ga gashi ya fara fitowa a gefen fuska. Da muka daina, fuskar ta ɗau zafi kamar an watsa barkono. Likitar kallo ɗaya ta yi ta ce kortizon ne.

Abin da masu haɗin nan ke yi, su matse Dermovate ko Betnovate, mayukan kortizon masu ƙarfi da ake yi don kumburi da ƙaiƙayin fata, cikin man shafawa, wasu su ƙara hydroquinone mai sa fata haske, wasu har da zaiba mai lalata ƙoda. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta sha gargaɗi a kan irin waɗannan haɗe-haɗen, amma kasuwarsu ba ta mutu ba, don yarinya na son ta yi fari kafin biki. Ki kula da masu cewa daga Sudan ko Misira aka kawo, ko wai sirrin amare ne. Ki kula da duk abin da aka auna miki da cokali, da wanda aka ce a ajiye a firij ba tare da an faɗi abin da ke ciki ba, da wanda ya yi aiki cikin sati guda. Ko kwalin kamfani ne, ki juya bayansa ki nemi clobetasol ko betamethasone, sunayen kortizon ɗin. Idan suna nan, ba na kurajen fuska ba ne. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa kuma ta je wurin likita ya tsara mata yadda za ta janye.

Mu sai da muka yi wata huɗu muna jinyar fatar kafin likitar ta yarda a fara Differin. Kurajen sun tafi, amma jan da ke kumatunta na hagu har yau yana tashi duk ranar da ta daɗe a rana.