Fassarar umarnin man shafawa: waya ko mai fassara?

Masu shagunan kayan kwalliya a Yamai sun sha tambayata. Kayan da suke sarowa daga Kano da Legas rubutunsu da Ingilishi ne, masu saye kuwa Faransanci suka karanta. Da Google Translate za su fassara, ko su biya mai fassara?

Wajen kuɗi, waya ce gaba. Ka haska kyamara a kan kwalba, nan take fassara ta fito kyauta. Mai fassara sai ka biya, kuma ka jira shi.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne haɗari. Kwalba zagayayya ce, rubutun ƙanana, kyamara kan tsallake layi. A ce layin da ta tsallake shi ne mai cewa a gwada rinin gashi a fata awa 48 kafin amfani, ko mai faɗin mintin da man sassauta gashi zai yi a kai. Wannan man yana ƙona fatar kai in ya wuce lokacinsa, kuma shagonki, Hajiya, za a dawo da kuka. Mai fassara da ya san aikinsa yana kula da gargaɗi, ya bar sunayen sinadarai yadda suke, domin iri ɗaya ne a duniya.

Aikinsa kuma yana daɗewa: ki buga a takarda, ki manna a kowane kwali.

Mai sayen sabulu ko turare don kanta, waya ta ishe ta. Mai shagon gyaran gashi da mai saro kaya da yawa, su nemi mai fassara.