Dala 2,300 ya karɓa, ya bar ni da ƙanwata a bakin tashar jirgin ruwa a Dubai

Jama'a ku yi hattara da wani ɗan damfara da ke talla a Instagram, wai yana haɗa wa masu tafiyar jirgin ruwa na shaƙatawa tikitin jirgin sama da mota da wurin ajiyar akwati a Dubai. Dala 2,300 ya ci mini. Dubu biyu kuɗin tikitin zuwa da dawowa ni da ƙanwata, ɗari uku kuɗin ajiya da mota da ɗakin da za mu yini. Har yanzu idan na tuna sai in ji wuyana ya riƙe.

Kuma tun kafin wani ya fara cewa Hajiya ke ma da sakaci, ya dakata. Ni ba baƙuwar Dubai ba ce. Shekara da shekaru ina zuwa sari, lungunan Deira da kasuwar Naif ba wanda zai nuna mini su. Ɗakin jirgin ruwan ma ni na biya da kaina wajen kamfanin, ban bi ta hannun kowa ba. Biza kaɗai na fara ba shi don in gwada shi, tunda kowa ya san yadda ta yi wuya ko bayan da aka sake buɗe wa 'yan Najeriya a Yulin 2024, ga shi tamu dole ta zama mai shiga fiye da sau ɗaya saboda jirgin zai fita Doha ya dawo. Ya fito da ita, ta gaske, da ita muka shiga ƙasar. To wane ne ba zai saki jiki ba?

Shi ne fa ya so mu sauka Dubai ranar da jirgin ruwa zai tashi, wai mu huta da kuɗin otal. Na ce masa a'a. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa, ana rufe karɓar fasinja tun kafin lokacin tashi, kuma mai canjin jirgi a hanya jinkirin awa biyu ya isa ya raba shi da kuɗinsa. Na ce kwana biyu kafin nan nake so mu sauka. Ya ce, "Hajiyata ai kin fi ni sanin harkar." Wannan ita ce matar da wasu za su ce ba ta da wayo.

Kiran bidiyon nan ne ba ya barin kaina. Ya kira ni da daddare, ya zagaya da waya cikin wani ɗaki mai kantoci, akwatuna jere, kowanne da lamba a maƙale, ga kyamara a saman ƙofa. Ya dafa ƙirji ya ce, "Hajiya, kayanki amana ne, wallahi ko allura ba za ta ɓata ba." Ko allura. Na maimaita maganar nan a raina ban san iyaka ba. Ina ajiye wayar na tura kuɗin. Ya ce ko allura, ni kuma na tura dala 2,300.

Ranar da muka sauko daga jirgin, wato bayan kwana bakwai, tun wajen tara na safe muna waje a tashar jirgin ruwa ta Rashid. Haka tsarin yake: da daddare ka fitar da akwatinka ƙofar ɗaki da alamar da suka ba ka, da safe a sallame ku rukuni-rukuni, ba zama. Jirginmu na sama kuwa sai tsakar dare. Wannan dogon yinin da ajiyar kaya su na biya wa ɗari uku. Babu mota, babu direba. Na kira lambarsa a kashe. Fasinjoji suka watse, sai mu biyu da ƙananan jakunkuna a rana, ƙanwata tana kallona ba ta ce komai ba, kuma shirun nan ya fi mini zagi ciwo don ni na ja ta tafiyar.

Af, ban ma faɗa muku yadda kayan suka bar hannuna ba. A kwana biyun farko na yi sari: abayoyi, turaruka, takalma, manyan akwatuna huɗu. Ba zan kwashe su in cusa a ɗan ɗakin jirgin ruwa ba. Safiyar shiga jirgi wani yaro ya zo otal da farar mota ya ce oga ne ya turo shi, ya kira ogan a gabana muka yi magana, ya ba ni rasit rubutun hannu. Na ɗauki hoton akwatunan da na lambar motar. Hotunan duk suna nan, zan sa su tare da hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗi, ina rufe lambar asusuna ne kawai.

Sai bayan azahar yaron ya ɗaga waya. Wai shi ba wanda ya biya shi ko kwabo, ogan ma bai taɓa ganinsa ido da ido ba, a waya suke. In ina son kayana in kawo dirhami 1,200. Sama da dala ɗari uku ke nan, a kan ajiyar da na riga na biya. Muka bi shi wani tsohon gini a bayan Deira, ɗakin ko kama da na bidiyon bai yi ba, ba kanta ba kyamara, katifu ne a ƙasa. Na biya. Uku ya fito da su. Na huɗu, na turaruka, wai oga ya aiko an ɗauka tun ranar Talata.

Duk wannan ban san babbar tana gaba ba. Mun je awon kaya a filin jirgi, ma'aikaciyar ta buga, ta sake bugawa, ta ce sunanmu ba ya cikin jirgin. Takardar dawowar da ya turo mini ashe bukin ne kawai da ba a biya ba, irin wanda ake riƙe wa mutum kujera na ɗan lokaci, wa'adi ya cika ya goge da kansa. Na zuwa kaɗai ya saya. Shi ya sa bai turo ta ba sai ana gobe za mu tashi daga Kano, lokacin da in ka duba za ka ga sunanka radau. Kuma na duba! Na shiga shafin kamfanin jirgin na sa lambar bukin ɗin mai haruffa shida na ga sunana da na ƙanwata. Me kuma ya rage in yi?

Sai da maigida ya tashi mutane cikin dare aka haɗa kuɗin sabon tikiti a farashin ranar. Wannan ban ma sa shi a lissafi ba. Dala 2,300, da dirhami 1,200, da akwatin turare guda.

Masu tambayar ko na kai wa 'yan sanda: yaron ya ce shi ma cinye shi aka yi, ogan kuma lambar Dubai yake amfani da ita a WhatsApp amma asusun da na tura wa na gida ne. Na kai ƙara da na dawo, magana tana hannun hukuma, shi ya sa lauya ya hana ni kama suna yanzu. Ɗan damfaran ya toshe ni, ya canza sunan shafin, hotunan jirgin ruwan dai su ne.

In za ku je, ku nemi lambar tikiti mai lamba 13 ta zuwa da ta dawowa, haruffa shida ba tikiti ba ne. Akwati kuma ku bar shi a otal ɗinku ko ma'ajiyar filin jirgi. Wata baiwar Allah ta riga ta yi mini magana ta ce bidiyon ɗakin nan ita ma shi ya nuna mata, kuma ta tura rabin kuɗi. Duk wanda ya san ya biya shi ya same ni ta akwatin saƙo, lauya yana tattara sunaye.