Garin waken suya: wane niƙa ya kamata a saya a kasuwannin Legas

Mai neman garin waken suya a Mile 12 ko Agege zai tarar da na kamfani a cikin leda mai laushi sumul, da na injin kasuwa da ake aunawa da derika, sai kuma tsaki wanda ɓarza shi kawai aka yi. Kowanne da aikin da ya dace da shi, kuma laushi kaɗai bai isa ya zama ma'auni ba.

A masana'antu ana kiransa gari ne idan kusan dukkansa ya ratsa rariya mai lamba 100, wadda hudarta ba ta wuce kimanin maikiron 150 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na milimita. Abin da ya fi haka kauri tsaki ne. Gari mai irin wannan laushi yana shan ruwa da wuri, yana narkewa a kunun yara ba tare da ya bar ɓarɓashi a harshe ba, kuma yana shiga cikin fulawa idan za a ƙara wa burodi ko cincin gina jiki, ko da yake kaɗan ake zubawa domin waken suya ba shi da danƙon alkama.

Sai dai laushin yana da illarsa a birni kamar Legas. Kusan kashi 20 cikin 100 na ƙwayar waken mai ne, kuma iya laushin niƙa iya yawan man da iska ke taɓawa, don haka garin da ba a tatse mansa ba kan fara warin tsohon mai da maƙaƙi a maƙogwaro idan ya daɗe a cikin laima da zafi. Wanda aka tatse wa mai ya fi jure ajiya, furotin ɗinsa, wato sinadarin gina jiki, kuma yana kaiwa kusan kashi 50. A ganina, mai ƙaramin gida gara ya riƙa sayen kaɗan kaɗan da ya jibge buhu.

Na injin kasuwa ya fi araha, amma yana buƙatar lura. Inji mai faifan ƙarfe yana ɗaukar zafi idan an matse shi domin a sami laushi, man ya fito, garin ya riƙa dunƙulewa, kuma faifan da ya ci ya cinye yana iya zubar da burbushin ƙarfe. A ɗebi kaɗan a murza tsakanin yatsu: idan aka ga ɗigo-ɗigon dusa, ba a sheƙe ɓawon da kyau ba kafin niƙa, idan kuma ya manne a tafin hannu kamar ƙulli, ko dai ya sha zafi ko ya sha laima.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko an soya waken kafin a niƙa. Ɗanyen wake yana da gafi, yana kuma ɗauke da sinadarin da ke hana ciki narkar da furotin, wanda zafin wuta ke karya shi, niƙa kuwa komai laushinsa ba ya taɓa shi. Saboda haka kunun yara sai da garin soyayyen wake, mai launin ƙasa-ƙasa da ƙamshi kamar na gyaɗa. Mai yin awara kuwa akasin haka take buƙata, domin madarar soyayyen wake ba ta kamawa idan an zuba ruwan tsami. Ita ɗanyen wake za ta saya ta jiƙa ta markaɗa.

Tsaki na masu kiwon kaji ne, shi ma bayan an gasa shi.