Asibitin yara na yanki: abin da na gani a sashen masu sikila

Iyayen masu sikila kan tambaye ni ko doguwar tafiya zuwa babban asibitin yara na yanki kwalliya ce da ke biyan kuɗin sabulu. Tana biya. 'Yata shekararta shida, kuma tun da ƙaramin asibitin da ke kusa da mu ya tura mu can, likitocin jini na yara ne ke duba ta.

Abin da ya fi kama raina shi ne awon kai da suke kira TCD. 'Yar na'ura ce ake ɗorawa a gefen kan yaro, saman kunne, babu allura babu zafi, tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Likitar ta zaunar da ni ta ce, "Mama, in gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaro na cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ko da yana wasansa lafiya lau." Sau ɗaya ake yi a shekara, daga shekara 2 zuwa 16. Ta kuma gaya mini binciken da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna ƙarin jini a kai a kai yana rage wannan haɗari da kusan kashi 90 cikin 100 ga yaran da awonsu ya hau. Na 'yata ya fito daidai, alhamdulillahi. Amma har yau nakan tuna yaran da ba a taɓa ɗora musu na'urar nan ba, don kawai ba ta kai inda suke ba.

Magani ma ba a ba da shi da ka. Duk zuwa sai an hau sikeli, domin hydroxyurea, maganin da ke rage tashin ciwon sikila, da nauyin yaro ake lissafa shi, kuma ba a ƙara ko rage shi sai an ga sakamakon gwajin jini. Wata nas ta kama hannuna ta ɗora ƙarƙashin haƙarƙarin yarinyar na hagu, ta koya mini yadda zan gane in saifa ta kumbura. Ita ce ta sa na sayi ma'aunin zafi, ta ce da zarar ya nuna 38.5 in taho, ko tsakar dare ne, kada in tsaya jiran gari ya waye.

Daren da ciwon ƙirji ya kama ta na ga amfanin maganar. Ina nuna katinta a sashen gaggawa aka wuce da mu. Hoton ƙirji, iskar oksijin, maganin zafi, ƙarin ruwa, duk a jere. Wanda ya sa mata kanula, 'yar robar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa, bai yaudare ta ba, ya ce, "Zai yi zafi kaɗan, ƙanwata, riƙe hannun Mama." Jijiya ɗaya ya nema, ya samu.

Inda suka gaza kuwa sai na faɗa. Layin karɓar magani ya fi na ganin likita tsawo, kuma wani lokaci sai ka kai gaba a ce na ruwa ya ƙare, sai kafso, wanda ƙaramin yaro ba ya iya haɗiyewa. Ranar ganin likitan jini daban, ta awon kai daban, ta likitan ido daban. Ga wanda ya taso daga nesa da yaro marar ƙarfi, wannan wahala ce da za a iya rage masa. Mai jinya kuma kujera ce makwancinsa.

In za ku je, ku tafi da takardar turawa da duk sakamakon gwajin baya, ku roƙi ma'aikacin da ke rubuta ranaku ya haɗa muku awon kai da ganin likita rana ɗaya. Yakan yi in an tambaya da wuri.