Tsiron nama ne ko mugunya a bakin robar wankin ƙoda?

'Yar'uwa, kin ce wani jan nama ya ɓullo a inda robar wankin ƙoda ta ciki ta fito a jikin Baba, yana jini in an taɓa, kina tambaya ko a sayo masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Dakata tukuna. Abu biyu ne ake yawan rikitawa a wurin nan, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Tsiron nama yakan zo ne in robar tana yawan motsi ko ana fizgarta, sai naman miki ya yi yawa ya kasa rufuwa. Laushi gare shi, ja ne jawur, yana saurin jini, amma ba lallai ya yi zafi ba. Nas kan ƙona shi da sandar wani sinadari mai suna silba naitiret, wurin ya yi toka-toka na ɗan lokaci, wani lokacin kuma likita ya ba da man sitiroyid. Ƙonawar ba aikin gida ba ce. Abin da ya fi muhimmanci a nan, a ganina, shi ne a liƙe robar da filasta ta daina motsi, in ba haka ba naman zai sake fitowa.

Kamuwa da ƙwayoyin cuta kuwa, babbar alamarta mugunya ce, ko da jan fata ko babu. Jan fata kaɗai bai isa hujja ba, musamman a makonnin farko bayan sa robar. Kafin a fara magani sai an ɗebi mugunyar an kai ɗakin gwaji, domin ƙwayoyin cuta irin su Staphylococcus aureus da Pseudomonas ba magani ɗaya ke kashe su ba. Pseudomonas ya fi taurin kai, ƙa'idar 2023 ta ISPD, wato ƙungiyar masana wankin ƙoda ta ciki ta duniya, ta ce aƙalla sati 3 ana shan magani. In kumburi da zafi suka bi hanyar robar a ƙarƙashin fata, a yi sikanin, wani lokacin ma sai an cire ta an sa sabuwa. Shafa kirim mai kashe ƙwayoyin cuta, irin su mupirosin ko gentamisin, kullum rigakafi ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta kama.

Tsiron naman da kamuwa da ƙwayoyin cutar suna iya haɗuwa a wuri ɗaya, shi ya sa ya kamata nas ɗin sashen ƙoda ta duba shi cikin kwana ɗaya ko biyu. In ruwan da ke fitowa daga cikinsa ya gurɓace, ko ciwon ciki da zazzaɓi suka taso, a kai shi asibiti a ranar.